Daga akwatin unguwa zuwa zauren Abuja: shaida kan wani ɗan majalisa na cikin birnin Kano

Mutumin da zan ba da shaida a kansa ya yi kansila sau ɗaya, ya yi majalisar dokokin jihar Kano sau biyu, ya je majalisar wakilai ta tarayya sau ɗaya, daga nan jam'iyya ta hana shi tikiti. Yana nan da ransa a cikin birni, bai kuma nemi a sa shi a rubutu ba, saboda haka zan sakaye sunansa da ƙaramar hukumarsa da shekarun da ya hau kowace kujera. 'Yan unguwa Malam suke ce masa tun yana koyarwa, shi zan riƙe. Yana cikin ƙalilan da suka iya aikin majalisa na haƙiƙa, wato karatun kasafi da rubutun doka, amma ba wannan iyawar ce ta kai shi kujera ba, ranar da aka tashi ƙwace ta kuma ba wanda ya sa ta a lissafi.

An haife shi a cikin badala, a gidan 'yan kasuwar Kurmi. Mahaifinsa ɗan NEPU ne na a-mutu tun zamanin En'e, daga baya ya bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Da jam'iyyar ta dare gida biyu bayan Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979, gidansu ya tsaya a taɓo, ɓangaren Malam Aminu, maƙwabta da yawa suka tafi santsi, ɓangaren Rimi, har zumunci ya yi tsami. A wannan rigimar ya buɗi ido, yana ɗan sakandare mai liƙa fosta. Ya yi karatun koyarwa, ya kama aiki a firamare.

Siyasarsa ta kansa ta faro ne a zamanin SDP da NRC, da aka ba shi sakataren mazaɓa. Muƙami ne da ba a rububinsa, don babu komai a ciki sai rubutu, amma a hannun mai shi littafin rijistar 'yan jam'iyya yake kwana. Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kuma duk mai takara, daga kansila har gwamna, ta hannun shugabannin waɗannan mazaɓu yake bi. Malam ya san tasa akwati-akwati. Ya san na ƙofar gidan mai unguwa, inda layi ba ya kankama sai dattawa sun fito. Ya san wanda mata suka fi yawa a cikinsa, inda in ba ka samu Hajiya guda mai adashi ba ka yi asarar rabin ƙuri'a. Ya san na bakin kasuwa, mai tarin sunaye a rijista, ranar zaɓe kuwa wayam, don masu sunayen a Kurna da Rijiyar Lemo suke kwana.

Da wannan sanin ya ci kansila bayan dawowar mulkin farar hula. Ba wani dogon labari a nan: kwalbati, yashe magudanar ruwa kafin damina, bin taransifoma in ta ƙone. Abin da ya ƙaru da shi shi ne sauran mazaɓu suka san shi, wani babba a jam'iyya kuma ya lura akwai kansilan da ke rubuta rahoto da hannunsa. Wannan babban ne ya zama ubangidansa.

Takarar majalisa daga takardu take farawa, kuma a nan wasu suke faɗuwa tun ba a buga fosta ba. Tsarin mulkin 1999 ya nemi karatu aƙalla matakin sakandare da shekara 30, a 2018 aka rage zuwa 25. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya miƙa takardar ajiye aiki, albashi ya ci gaba da shiga asusunsa, ya yi shiru; lauyan abokin hamayya ba abin da yake nema sai takardar albashin wannan watan. Na biyu, saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardar firamare, ta sakandare da katin zaɓe. Kanawa ba su manta yadda Salisu Buhari, wakilin Nasarawa, ya sauka daga shugabancin majalisar wakilai a Yuli 1999 kan batun shekaru da takardar karatu ba. Malam tun kafin ya sayi fom ya je kotu ya yi rantsuwar daidaita suna, don a firamare sunan kakansa aka jingina masa.

Kuɗin fom a lokacinsa bai taka kara ya karya ba. A 2022 APC ta sayar da na majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10. Na PDP na wakilai miliyan 2 da rabi ne. Sayen fom kuwa ƙofar kawai ka taɓa. In zaɓen deliget za a yi, mutane ƙalilan ne ke yanke hukunci: a wannan shekarar APC biyar-biyar ta ɗauka daga kowace mazaɓa, PDP uku-uku. Gwale mazaɓa 10 ce, Dala 12, Birni da Kewaye 13. Mutum 50 zuwa 65 ke nan a jam'iyya ɗaya, 30 zuwa 39 a ɗayar, su za su zaɓa wa dubban ɗaruruwa wanda za su gani a takardar ƙuri'a. In ƙato-bayan-ƙato ne, wato duk 'yan jam'iyya su fito su zaɓa da kansu, kamar yadda APC ta yi a Kano a 2018, magana ta koma hannun mai riƙe da rijista da mai rubuta sakamako. Sau da yawa ma ba a kai wa nan. Dattawan jam'iyya su zauna su yi maslaha, a kai suna gidan gwamnati ko gidan jagora, a dawo a ce kowa ya janye, wanda aka bari ya tafi rediyo ya ce ɗauki-ɗora aka yi. Ta haka Malam ya samu tikitinsa na farko: ubangidansa ya shiga da sunansa, cikin shugabannin mazaɓu kuma ba wanda ya ce bai san shi ba.

Ranar zaɓe hankalinsa duk a kan takarda ɗaya yake, fom EC8A, inda ake rubuta sakamakon kowane akwati. Ejan ɗinsa ɗan layin ne, mai iya karatu, wanda aka ba abinci da kuɗin kati tun safe don kada wani ya riga ba shi. Umarninsa gare su ba ya canjawa. Kada ka bar wurin sai an ƙirga a gabanka. Ka haɗa ƙuri'u masu kyau da lalatattu ka tabbata ba su haura adadin waɗanda aka tantance ba, don in sun haura soke akwatin za a yi ko da kai ka ci. Ka ga an rubuta da lamba an kuma rubuta da harafi, jami'in zaɓe ya sa hannu ya buga hatimi, sannan ka sa naka ka karɓi kwafinka, ka bi akwatin da ƙafarka har wurin tattara sakamakon mazaɓa. A can ake kwashe alƙaluma zuwa EC8B, daga nan zuwa EC8C a ƙaramar hukuma, kuma tsakanin waɗannan takardu ne 19 ke komawa 91 cikin dare in babu mai tsaye da kwafi a hannu. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta shigo babban zaɓe a 2023, akwatunan Kano sun ƙaru daga 8,074 zuwa 11,222, aikin ejan yana nan yadda yake, sai yawan waɗanda za a biya da ya ƙaru.

Majalisar Kano kujera 40 ce, iyakar abin da tsarin mulki ya yarje wa jiha, shi ya sa wasu ƙananan hukumomi suke haɗa kujera, irin Kura da Garun Malam, ko Bagwai da Shanono. Kowa ya san kowa a zauren, in ka ɗaga hannu za a gan ka. Inda Malam ya yi fice shi ne kasafin kuɗi. Gwamna ya kawo kundi, a yi karatu na biyu, a rarraba wa kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta kare nata. Yawancin membobi shafin ƙaramar hukumarsu kawai suke nema su ga ko an sa musu hanya. Shi na bara yake fara ɗaukowa, ya jera lambobi uku: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe. A wani zama babban sakataren wata ma'aikata ya zo da buƙatar gyaran azuzuwa a wata firamare ta cikin birni. Malam ya buɗe kundin shekaru biyu da suka wuce, ya ɗora yatsa a kan makarantar nan, da adadin azuzuwan nan, da kuɗi kusan iri ɗaya, ya ce: "Ranka ya daɗe, ko dai ba a saki kuɗin ba, ko an saki ba a yi aikin ba. Wanne za mu sa a rahoto?" Aka ɗage zama, aka dawo da takardu, ashe ko sisi ba a taɓa saki ba, layin kawai ake kwafowa duk shekara.

Sai dai iyakar ƙarfin majalisar jiha a fili take. Shekaru da yawa kuɗin gudanar da ita, motocin membobi, har na tafiyar kwamiti, sai gwamna ya sa hannu suke fita. Majalisar da ke jiran takardarta daga ofishin wanda za ta bincika, kowa ya san irin binciken da za ta yi. A 2018 aka shigar da 'yancin kuɗin majalisun jihohi cikin tsarin mulki, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa har ma'aikatan majalisu suka yi yajin aiki a 2021. Ƙudirin da gwamnati ke so ba ya daɗewa: dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a Mayu 2019 cikin 'yan kwanaki ta wuce, wadda ta rushe su ranar 23 ga Mayu 2024 kuma a ranar da majalisa ta amince gwamna ya sa hannu. Na memba kuwa yana iya shekara a kwamiti don babu kuɗin zaman jin ra'ayin jama'a. Kujerar shugaban majalisa ma daga waje ake girgiza ta: Kabiru Alhassan Rurum ya sauka a 2017, Yusuf Abdullahi Ata ya hau, aka tsige shi a 2018 Rurum ya dawo, Abdul'aziz Garba Gafasa ya karɓa a 2019 ya ajiye a Disamba 2020. Tsigewa kashi biyu cikin uku take buƙata, mutum 27, kuma da daddare ake bi gida-gida ana tara sa hannu. Malam ba ya sa nasa a farar takardar da ba a rubuta zargi a samanta ba. Wannan ya jawo masa rasa shugabancin kwamiti mai maiƙo a zangonsa na biyu.

Mutanen mazaɓa kuwa ma'auninsu yana ƙofar gida bayan sallar asuba. Kafin ƙarfe bakwai tabarmi sun cika: mai takardar magani daga asibitin Murtala, mai kuɗin NECO na 'yarsa, wanda mai gida ya ba wa'adin tashi, matasa da takardun neman aiki a ambulan, 'yan kwamitin masallaci, da tsohuwar da za ta ce, "Ɗan nan, ni ba roƙo ya kawo ni ba, ƙaninka aka kama tun shekaranjiya." Malam ya sa yaronsa ya buɗe littafi: suna, mazaɓa, akwati, buƙata, abin da aka bayar. Kuɗin magani ba ya damƙa wa mutum, wani kemis ya ajiye wa kuɗi ana ba da magani da takardarsa. Na makaranta makarantar ake kai wa. Wannan ya rage masu dawowa da tsohuwar takardar asibiti, ya kuma jawo masa sunan mai ƙwauro a bakin sojojin baka, waɗanda in ba a sallame su ba da daddare za a ji su a rediyo. Ga azumi, ga Sallah ƙarama da babba, ga biki da suna da ta'aziyya. Albashi ba ya kai tsakiyar wata.

Neman kujerar Abuja a cikin birni yana da wani abu da ba kasafai ake samunsa a karkara ba. Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Birni da Kewaye, kowacce ita kaɗai ce mazaɓar majalisar jiha, ita kaɗai ce kuma ta tarayya. Ungogo ce kawai ta haɗa da Minjibir. Ɗan majalisar jiha da na tarayya mutane ɗaya suke wakilta, jama'a kuma kullum suna gwada ƙofar gidan wannan da ta wancan. Na jiha yana gari kullum, don haka shi ne barazanar farko ga na Abuja. Da haka Malam ya karɓi kujerar daga wanda ke kai, ba da wata dabara ba. Sauran aikin guguwa ce ke yi. A 2015, 2019 da 2023 rana ɗaya aka zaɓi majalisar tarayya da shugaban ƙasa. In aka ce sak, wato jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, mutum ya wuce ko ba a san fuskarsa ba, masu wake da shinkafa, masu gauraya jam'iyyu, ba su cika yawan da za su ceci kowa ba. Guguwar ANPP ta 2003 ta kayar da Ghali Umar Na'Abba a Birni da Kewaye yana shugaban majalisar wakilai, haɗe da rigimarsa da fadar shugaban ƙasa. Ta 2023 ta kwashe mafi yawan kujeru 24 na Kano ta ba NNPP.

A Abuja ya tarar da mutum 360. Sabon shiga yana iya watanni yana ɗaga hannu ba a kira sunansa ba. Zama Talata, Laraba da Alhamis ne, amma aikin yana kwamiti, rabon kwamiti kuma ya danganta da wanda ka mara wa baya a zaɓen shugaban majalisa. Ana ba kowane memba hadimai biyar da gwamnati ke biya, jam'iyya a gida kuma kallon rabo take yi wa guraben, kowace mazaɓa tana son nata. Malam ya bar wa siyasa uku, ya ba lauya da mai ilmin lissafin kuɗi biyu, aka yi ta ƙorafin ya ɗauko baƙi. Ana jin manyan alƙaluma: a 2018 Sanata Shehu Sani ya ce sanata na karɓar naira miliyan 13 da rabi a wata na gudanar da ofis, a 2024 Sanata Kawu Sumaila ya ce miliyan 21. Na ɗan majalisar wakilai bai kai haka ba, kuma kuɗi ne mai yawa duk da haka, ban musa ba. Amma mutanen gida da suka ji lissafin a rediyo ninka buƙatunsu suka yi, bashin kamfe kuma tun daga tushe banki ke cire shi.

Ƙudirin doka guda ya sa a gaba, na kafa cibiyar horar da masu jima da ɗinkin fata. Karatu na ɗaya ambaton suna ne kawai. Kafin a sa shi a jadawalin karatu na biyu sai da ya sha bin kwamitin tsara zaman majalisa. Ya wuce, aka tura kwamiti, aka ji ra'ayin jama'a, aka bi rahoto sashe-sashe, aka yi karatu na uku. Da a jiha ne saura sa hannun gwamna. A tarayya sai majalisar dattawa ta amince, in an saɓa a kafa kwamitin daidaitawa, sannan a miƙa wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30. Na Malam a majalisar dattawa ya maƙale, don bai nemi sanatan da zai rungume shi tun da wuri ba, lokacin da ya isa kuma kowa ya tafi neman tikiti. Wa'adin majalisa ya cika yana nan a ajiye.

Ayyukan mazaɓu su suka fi jawo wa ɗan majalisar tarayya zagi, masu zagin kuma kaɗan ne suka san yadda abin yake tafiya. Shekaru da dama naira biliyan 100 aka riƙa ware musu a kasafin tarayya, a raba tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360, shugabanni su fi samu. A ƙa'ida kuɗin ba ya shiga hannun ɗan majalisa. Shi zai rubuta aiki da wurin da za a yi shi, ya zaɓi hukumar da za a ajiye shi a kasafinta, rijiyar burtsatse misali a Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, horar da matasa a hukumar ƙananan sana'o'i ta SMEDAN ko ta samar da aikin yi ta NDE. Hukumar ce ke ba da kwangila ta biya. A aikace membobi da yawa su ke kawo ɗan kwangilar, a nan ɓarnar take, abin da ya sa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta fara bin sawun ayyukan a 2019. Ko da niyya mai kyau abu yakan lalace. Kasafi ya makara, kamar na 2018 da sai a Yuni aka sa masa hannu. A saki rabin kuɗi. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗin fara aiki, kashi 15 cikin ɗari a dokar ba da kwangila ta 2007, ya zuba harsashi ya zauna jira. Siminti da rodi su tashi. Shekara ta ƙare, layin bai dawo a sabon kasafi ba. Shi ya sa gogaggu suke gudun gini, su zuba kasonsu a keken ɗinki, injin markaɗe da babur, abin da za a raba a fili a ɗauki hoto a wuni ɗaya. Malam ya zaɓi azuzuwa, ɗakin haihuwa, da rijiyoyi masu aiki da hasken rana. A ganina zaɓi ne mai kyau ga unguwa, amma ba na mai son dawowa ba ne. Rijiyoyin ma da nasu ciwon: ƙasan birni dutse ne a wurare da yawa, in ba a yi gwaji kafin haƙa ba sai a samu ruwan da zai ƙafe da bazara, wadda kuma ba a damƙa wa kwamitin unguwa da ɗan asusun gyara ba, ranar da famfo ya ƙone ko aka sace faranti ɗaya, shi ke nan.

Yana can yana wannan, gida ya canja. An yi zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓu ana tsaka da kare kasafi a Abuja, ya aiko da kuɗi bai zo da kansa ba. A ranar ya rasa kujerar, tun ba a fara maganar fom ba. Jerin sunayen da aka kai ofishin jam'iyya na jiha ba nasa ba ne. A fiye da rabin mazaɓu ciyaman da sakatare mutanen ɗan majalisar jiha ne, wanda ya gaje shi, wanda ba a jana'iza a rasa shi. Ga shi ubangidansa ya ɓata da gwamna, a Kano kuma in manya suka raba gari ba a barin kowa a tsakiya, ko ka nuna inda kake ko a nuna maka. Ya je gaisuwar Sallah gidan ubangidan nasa, hoto ya fita, aka kai inda ake kaiwa. Da lokaci ya yi dattawa suka kira shi, babbansu ya ce, "Malam, sai haƙuri, an ce a ba yaron nan wannan karon. Kai namu ne, ba za a manta da kai ba." Ya ƙi janyewa, aka shiga zaɓen deliget, waɗanda suka karɓi kuɗin motarsa da daddare har da rantsuwa, da safe suka zaɓi wancan.

Hanya biyu suka rage masa. Ta farko kotu. A dokar yanzu ƙarar zaɓen fidda gwani kwana 14 kacal ake da su daga ranar da abin ya faru, ta bayan zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako. Masu jiran kwamitin sulhun jam'iyya ya saurare su sukan farka wa'adi ya wuce. Lauyansa ya gaya masa gaskiya: an ƙirga a gaban jami'an INEC, ejan ɗinsa ya sa hannu, babu abin kai wa alƙali. Ta biyu sauya sheƙa. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya bar kujera, sai in jam'iyyar ta rabu, kotun ƙoli kuma ta ce rabuwar uwar jam'iyya ta ƙasa ake nufi, ba rigimar jiha ba. Amma da yake shugaban majalisa ne ke ayyana kujera babu kowa, ana ta tsallakawa lafiya lau. An kawo masa tikitin wata ƙaramar jam'iyya kyauta. Ya ɗauko littafin akwatunansa, ya lissafa kuɗin ejan da abinci da mota na rana ɗaya, ya gwada da ƙuri'ar da jam'iyyar ta samu a zaɓen baya, ya mayar musu da fom ɗinsu.

Ya ƙarasa wa'adinsa, ya sayar da filin da ya saya a Abuja ya sallami banki, ya dawo gidansa na cikin birni. Alƙawarin dattawa ya tsaya a kujerar memba a hukumar gudanarwar wata makaranta. Yanzu yana da shagon kayan gini tare da ƙaninsa, lokacin zaɓe kuma 'yan takara na jam'iyyu daban-daban suna ɗaukarsa ya horar musu da ejan. Azuzuwan suna nan ana karatu, rijiyoyin da aka damƙa wa kwamitin unguwa suna ba da ruwa, sauran sun tsaya. Ɗakin haihuwar an kai linta aka daina sakin kuɗi. Wanda ya gaje shi bai mayar da shi kasafi ba, ya fara nasa a wata mazaɓar. Ƙudirin masu jima kuwa wani ɗan majalisa daga wata jiha ya ɗauko shi a majalisa ta gaba, ya mayar da mazaunin cibiyar garinsu, ya sake farawa daga karatu na ɗaya.